Garin Ɓawon Kifi

Ranar Lahadi da hantsi Wanju ta buɗe firjin uwarta don ta saka ganyen da ta sayo, sai ta tarar da alluran insulin na ciwon sugar uwar guda biyar kwance cikin kwalinsu, yadda ta ajiye su wata guda da ya wuce. Ko bakin kwalin ba a yage ba. Ta tsaya riƙe da ƙofar firjin har sanyi ya fara cizon gwiwoyinta. A saman firjin kuwa, kusa da hoton marigayi mahaifinta, gwangwanaye uku ne farare masu rubutun ruwan zinariya, ɗaya a buɗe da ɗan cokali a ciki.

Ta san gwangwanin. Garin kolajin ne da ake yi da ɓawon kifi, wanda yayanta Kunlin ya zama dillalinsa tun bara. Shekara huɗu ta yi a jami'a a Taichung tana karatun abinci da lafiyar jiki, yau kuma shekararta uku a wani asibiti cikin birnin Tainan tana tsara wa masu ciwon suga abin da za su ci. Ta san abin da ke cikin garin nan sarai, kuma ba guba ba ne. Da guba ne ma da abin ya zo da sauƙi, a kai ƙara a kwashe shi daga kasuwa. Gari ne kawai na abin gina jiki. In ka sha ba zai cuce ka ba, amma ba zai tsaya maka a madadin allura ba ko da ka shanye buhu.

Ta hau babur ɗinta ta bi ta tsakanin tafkunan kifin Cigu zuwa rumfar da uwarta ke aiki. Mata shida ne kewaye da teburin ƙarfe, ruwa na gudu a kan siminti, kowacce da dogon takalmin roba. Kifin sabahi suke gyarawa, mai ƙaya ɗari biyu da ashirin da biyu, kuma duk yankin an san babu mai hannun Siugim, uwar Wanju. Yanka uku take yi ta fitar da tumbin kifin ba ƙaya ko ɗaya. Shekara talatin da huɗu ke nan. A da, ɓawon da suka kankare a kwata ake share shi. Yanzu a buhu ake ɗura shi, motar masana'anta ta zo da rana ta kwashe.

"Ga Likita nan tafe," in ji Gwaggo Atho, ƙawar uwar tun suna 'yan mata. "Ku ɓoye shayinku."

"Ni ba likita ba ce, Gwaggo."

"To, mai hana mutane cin abinci. Ke a Tainan za ki hana mutum suga? Mu da ko miyar kifi sai mun zuba mata cokali biyu? Sai ki hana mu shaƙar iska, ita ma zaƙi gare ta."

Matan suka kwashe da dariya. Wanju ba ta yi ba, domin idonta na kan ƙafafun uwarta. Siugim ta ɗora nauyinta duka a kan ƙafar dama, ta hagun kuma diddige kawai ta taɓa ƙasa.

"Mama, me ya sami ƙafarki?"

"Tsufa."

"Cire takalmin in gani."

"A gaban kifin mutane? Ke dai karatun nan bai koya miki kunya ba."

Sai da aka tashi aiki suka koma gida sannan ta yarda ta cire. Ƙayar bayan kifi ce ta huda takalmin, in ji ta, kwana goma sha biyu ke nan, ita ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a safa. Ramin ƙarami ne a ƙarƙashin babban yatsa, bai fi ƙwayar wake ba, amma gefensa ya yi fari, kuma akwai wani wari da Wanju ta sani daga ɗakin masu gyambo na asibitinsu. Ta huda yatsan hannun uwar ta gwada jinin. Na'urar ta nuna ɗari uku da tamanin da shida, fiye da ninki biyu na ƙa'ida.

"Mama, yau za mu tafi asibiti. Kuma me ya sa kika bar allurar?"

"Allurar da ta cinye wa ubanku ƙoda?"

Sun yi wannan maganar ta fi sau ɗari. Mahaifin Wanju ya ƙi magani shekara goma sha biyar, sai da jikinsa ya gama lalacewa ya fara allura, shekara na zagayowa aka sa shi a wankin ƙoda, bayan shekara biyu ya rasu. A wurin Wanju suga ne ya kashe shi. A wurin Siugim da duk matan rumfa kuwa, mutum na tafiya da ƙafarsa har ranar da aka fara soka masa allura, kuma ido ba ya ƙarya.

"Ban bari da ka ba," in ji Siugim tana mayar da safarta. "Na je na tambayi Matsu. Na ce in ajiye allura in riƙe garin ɗana? Ta ce eh, sau uku a jere. Kawunki Tiam yana tsaye, je ki tambaye shi."

Duk wanda ya tashi a ƙauyen ya san yadda ake tambayar Matsu, uwar masunta. A ɗakin bautarta akwai 'yan katako biyu jajaye da ake kira pwe, kowanne kamar ɓarin goro, fuska ɗaya a shafe, ɗaya da tudu. Ka durƙusa, ka faɗi sunanka da gidanku da buƙatarka, ka sake su ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ta amince. In duka suka kife, ta ƙi. In duka suka buɗe, dariya take maka. Babbar magana kuwa sai an sami eh uku a jere.

Suna cikin haka Kunlin ya shigo da makullin mota a yatsa da damin takardun talla a hamata. Ya miƙa wa uwar ɗaya da hannu biyu. Hotonta ne a jiki, da wuƙarta da murmushinta, an rubuta a ƙasa cewa shekarunta sittin da ɗaya kuma har yanzu ta fi 'yan mata sauri. Siugim ta riƙe takardar a gefe-gefe don kada ta ɓata ta.

"Yaya, ka san ta bar allura?"

"Ni ban ce ta bari ba. Karanta gwangwanin, abinci aka rubuta, ba magani ba. Ita ta ji daɗin jikinta ta yanke shawara."

"Ka kai ta ɗakin bauta da motarka."

"To da a ƙafa zan bar ta ta je? Ke fa me kika taɓa kawo mata? Takardar kada ki ci mangwaro, kada ki ci shinkafa, kada ki sha shayi. Kullum kika zo gidan nan sai an yi kamar ana zaman makoki."

"Ka ga ƙafarta kuwa?"

"Kolajin ai shi ke haɗa fata. Ke da kika yi jami'a ba a koya miki ba?"

Abin da ya fi ci wa Wanju rai shi ne ba ƙarya yake shirgawa da gangan ba. Rabin maganar ya yarda da ita, sauran rabin kuma ba ya so ya duba.

Siugim ta ajiye takardar a kan firji. "Shekara talatin ina share ɓawon nan a kwata, ina warin kifi, ko a motar haya mutane na matsawa. Yau matan Taipei masu jan farce suna rububinsa. Daga hannuna ya fito. Ke kuma kin zo kina ce mini shara ce."

"Ban ce shara ba ce, Mama. Na ce ba zai sauke suga ba."

"To je ki faɗa wa Matsu. Ki durƙusa ki tambaye ta da bakinki. In ta ba ki uku a jere a gaban Tiam, ko ina kika ce zan bi ki, a soka mini abin da aka ga dama."

"Ba zan yi caca da ƙafarki ba."

"Ba caca kike gudu ba. Durƙuson ne."

Gaskiya uwar ta faɗa, ko da ba duka ba. Rabon Wanju da durƙusa wa wani abu tun ranar jana'izar mahaifinta, ranar da ta kalli toka da hayaƙin turaren da aka ƙona masa shekara biyu ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara ba. Ta ɗauka kuma in magana gaskiya ce, ai dole ta isa ita kaɗai.

Kwana takwas ta yi tana gwada isar gaskiya. Ta dawo gidan da kwana. Ta kawo hotunan ƙafafun da aka yanke, uwar ta ce a kawar mata, ana cin abinci. Ta kawo ƙawarta ma'aikaciyar jinya, Siugim ta dafa mata faten shinkafa da tumbin kifi, ta tambaye ta ko tana da miji, ta raka ta ƙofa. Ta kira motar asibiti. Siugim ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafar tebur ta faɗa wa ma'aikatan sunanta da kwanan wata da sunan shugaban ƙauye, suka ce wa Wanju su ba sa ɗaukar mai hankali da ƙarfi, maƙwabta kuma suka sami abin faɗa na sati. Abu ɗaya uwar ta yarda da shi, wanki. Safe da yamma Wanju na wanke ramin da ruwan gishiri ta naɗe, ramin kuma na faɗaɗa a ƙarƙashin hannunta.

A rana ta tara, da ta warware bandejin, kan babban yatsan ya yi baƙi kamar nunanniyar ɗinya. Ta naɗe shi a hankali, ta wanke hannu, ta nufi ɗakin bauta.

Kawu Tiam, tsohon da ke kula da wurin, yana sharar tsakar gida. Ba danginsu ba ne, amma duk ƙauyen kawu ake ce masa. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Yau rana ta ɓace hanya."

"Tambaya na zo yi, Kawu."

"Kin tuna yadda ake riƙe turare, ko in nuna miki?"

Ya karanta mata ƙa'ida. Tambaya uku a rana, ba ƙari, domin Matsu ba mai shago ba ce da za a yi ta ciniki da ita. Kowace tambaya sai ta kawo eh uku a jere. In ta karye a tsakiya, a kunna sabon turare a sake daga farko.

Tun kafin ta durƙusa ta gama lissafin a kanta. Kowace jifa rabi da rabi ce, uku a jere kuwa ɗaya cikin takwas. Dutsen ƙasa yana da sanyi. Ta faɗi sunanta, Chiu Wanju, da layin gidansu da ranar haihuwarta, sannan ta ce, "Uwata ta je asibiti ta koma kan allura?" Ta saki katakon. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe. Ta sake. Duka a kife. Tambaya ta biyu tun jifar farko aka yi mata dariya. Ta uku ta sami biyu, na ukun ya yi ta juyi a kan dutse kamar zai yi mata mutunci, sannan ya kife kusa da ɗan'uwansa.

"Sai gobe," in ji Tiam.

Washegari ta zo da dabara. Ta sauke hannuwanta kusa da ƙasa, ta jera katakon ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta sake su a hankali. Tsohon ya sa tsintsiya ya ture su.

"Daga goshi, 'yar boko. Ba ƙwai kike ajiyewa ba."

A rana ta uku labari ya gama ƙauye. Matan rumfa suka riƙa biyowa ta nan kafin su tafi aiki, suna tsaye a bakin ƙofa da takalman robarsu.

"Ku zo ku ga jami'a a durƙushe."

"Ki yi mata da Turanci, wataƙila ta fi ji."

"Shekara nawa ba ta kawo ko ayaba ɗaya ba, yau take so a amsa mata da gaggawa."

Gwaggo Atho ce ta fi kowa baki, amma ita ce kuma ta turo mata ɗan matashin durƙuso da ƙafa. Wanju ta ture shi gefe. In dai durƙuso ake so a gani, to a gan shi a kan dutse. Ranar ma ba ta samu ba.

Da mutane suka watse ta tsaya ta sami Tiam yana cire guntayen turare daga kasko.

"Kawu, ka ga ƙafar?"

"Atho ta faɗa mini."

"To ka je ka ce mata an ba ni uku. Kai kaɗai take yarda da shi. Babu wanda zai sani."

Tsohon ya daɗe yana kaɗe toka daga yatsunsa. "Tare muka yi wasan ƙasa da uwarki. Da ƙafata za a karɓa a bar tata, da na bayar, ni me nake yi da ita. Amma shekara arba'in da ɗaya ina tsaye a nan ina faɗa wa mutane abin da ya faɗi a ƙasa. Masu ciki, masu fita teku, masu sayar da gona. In na yi ƙarya yau, duk waɗancan me suka zama?"

"Suna nan yadda suke. Katako ne, Kawu."

"To in katako ne, jefa shi mana. Me ya gagare ki?"

Haka kwanakin suka tafi. Ta wanke ƙafar uwar, ta je ta durƙusa, ta hau babur minti arba'in zuwa birni, ta sa farar riga ta zauna a ofis. A can iyayen wasu ke shigowa, su zauna a gabanta hannu a cinya, ta ce musu rabin kwanon shinkafa, su ce to, malama, mun gode, malama, har su rubuta. Gwiwoyinta sun yi shuɗi a ƙarƙashin wando. Ba ta faɗa wa kowa a wurin aiki ba. Da wane baki?

A rana ta huɗu Siugim ta kasa sa takalmi, ta zauna a gida karo na farko tun haihuwar Wanju. A ta biyar zazzaɓi ya kama ta, baƙin ya haye yatsa na biyu, jan layi ya fara hawa bayan ƙafar. Kunlin ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, hannu a hanci, ya ce a riƙa ba ta cokali biyu maimakon ɗaya. Wanju ta durƙusa a gaban gadon, gwiwar ai ta riga ta saba.

"Mama, na roƙe ki. Kin ga na je. Kwana biyar ina zuwa. Ki ɗauka an ba ni."

"An ba ki?"

"A'a."

"To ta san abin da take yi." Idon uwar ya yi ja da zazzaɓi, amma muryarta ba ta rawa. "Kina tsammani ba na tsoro? Ina ji, Wanju, ina jin warin. Amma na tambaya an amsa mini. In na tsallake maganarta na tafi, wa zai riƙe ni a can?"

"Ni."

Siugim ta shafa mata kai kamar yadda ake yi wa yaron da ya ce zai ɗauki buhu.

A rana ta shida babu wani abin da ya bambanta. Wanju ba ta yi kuka ba, ba ta tuba ba, zuciyarta ba ta yi laushi ba. Ta faɗi suna da gida da tambaya kamar mai karanta takardar magani. Tambayar farko ta karye a jifa ta biyu. A tambaya ta biyu katakon ya faɗi ɗaya kife ɗaya buɗe, ya sake, ya kuma sakewa, yadda katako kan yi in an jefa shi da yawa. Matan bakin ƙofa suka ɗauki guɗa. Tiam ya buga ƙararrawa, ya ajiye tsintsiyarsa ya taka da kansa har gidan.

Siugim ta saurare shi, ta ce a miƙo mata rigarta mai furanni ta zuwa biki da matajin kai. Ba ta yi musu ko na kalma ɗaya ba. Cikin minti goma tana zaune a bakin gado da jakarta a cinya tana jiran mota. Wanju ta tsaya tana kallonta. Shekara bakwai na karatu da aiki, da roƙo na sati biyu, ba su ɗaga matar nan daga tabarma ba. Ta sunkuya ta goya ta zuwa mota.

Asibitin da take aiki suka je. Likitan fiɗa ya buɗe bandejin, ya dubi ƙafar, sannan ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyan Wanju.

"Ke ba a nan kike ba? Ɓangaren abinci?"

"A nan nake."

"Mahaifiyarki ce? Da sati biyu da suka wuce kika kawo ta, da ko yatsa ɗaya ba zan taɓa ba. Me kike jira?"

"Laifina ne," ta ce, ta karɓi takardar ta sa hannu.

Da yamma suka yanke rabin ƙafar, yatsun duka biyar da abin da ke bayansu. Likitan ya ce sun ceci diddigen, in suga ya sauka za ta taka da takalmi na musamman, amma tsayuwar awa takwas a kan jiƙaƙƙen siminti ta ƙare.

Kunlin na jingine a bangon baranda yana danna waya. "Kin gani ko? Da yatsu goma ta shigo. Asibiti ke nan, wuƙa kawai suka sani."

Gwaggo Atho, wadda ta zo da kwanon miya, ta ce a ƙauye magana ɗaya ake yi, da yarinyar ta sauke kai tun farko da Matsu ba ta ja mata rai kwana shida ba. Ta faɗa ne ba da mugunta ba, kamar mai ba da labarin farashin kifi. Wanju tana da nata lissafin. Kwana shida na katako ne, laifinsu ba ta ɗauka ba kuma ba za ta taɓa ɗauka ba. Amma kwana takwas ɗin farko nata ne, da ta tsaya a kan gaskiyarta ƙafar na ruɓewa. Gaskiyar kuma har yanzu gaskiya ce. Ta juya abin ta kowane gefe, ba ta sami inda zai zauna ba.

Washegari da safe Siugim ta farfaɗo sosai. Ta daɗe tana kallon tudun bargon da ya gajarce a gefe ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ɗaga mata riga ta soka allurar a ciki, Siugim ba ta ko motsa ba.

"Ina sauran?" ta ce.

"Sauran me, Mama?"

"Ƙafata. Ina aka kai ta?"

Wanju ta ce tana ƙasa, a ɗakin sanyi, in ba a nema ba za a haɗa da sauran abubuwan asibiti a ƙona.

"Da sharar mutane?" Siugim ta yunƙura za ta tashi. "Cikakkiya uwata ta haife ni, cikakkiya zan koma. Ubanku da duk wahalar da ya sha, da yatsunsa goma ya tafi. Ni in je masa ina ɗingishi? Ku karɓo mini. A kai wa mai shirya jana'iza na garin Jiali ya ƙona ya sa a tulu, a ajiye har ranar da za a haɗa mu. Kunlin, kai ne namiji."

Kunlin ya ja baya har ya taka ƙafar Gwaggo Atho. "Mama, a motata? Masu sayen kaya nake ɗauka a ciki. Kuma kin san matata na da ciki wata bakwai, ba a kusantar irin wannan. Ke da kanki kika hana ta zuwa gaisuwar mutuwa."

"Haka ne," in ji Siugim a hankali. "Yaron yana da gaskiya. Kada a ja wa jikana." Ba ta ce Wanju ta je ba. Ta dai juya kai ta dube ta.

Wanju ba ta yarda cewa akwai inda ake zuwa da ƙafa ko babu ƙafa ba. Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta sauka bene biyu zuwa ƙarshen baranda inda babu taga. Ma'aikacin wurin, wani mai furfura da tabarau a goshi, ya jawo takarda.

"Me kike gare ta?"

"'Yarta ce."

"Babu ɗa namiji? Yawanci su ke zuwa."

"Akwai."

Ya nuna mata inda za ta sa hannu, ya shiga ciki ya fito da ɗan akwatin kwali naɗe da jan ƙyalle, an ɗaure da igiya. Ya ce kada ta bari rana ta buge shi, kuma in za ta haye gada ta riƙa faɗa masa, haka tsofaffi ke yi, don kada ya ɓace a hanya.

Bai kai nauyin kifi biyu ba. Ta fita da shi ta ƙofar baya, ta ajiye shi a ƙasan babur tsakanin ƙafafunta, ta cire rigar sanyinta ta rufe shi. Daga birni zuwa Jiali akwai babbar gada a kan kogin Zengwen. Da ta iso bakinta ta rage gudu, manyan motoci na wuce ta suna hura mata iska. Babu wanda ke kallo, babu Tiam, babu matan rumfa. Ta matse akwatin da idon sawunta.

"Mama," ta ce, haƙoranta a cije, "gada ce. Mu haye."